Shafin lasisinmu yana buɗewa lafiya, amma an ce cike yake da kurakuran HTML: dole ne mu gyara?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na buɗe fayil ɗin da ka haɗo da tambayarka, na bi shi layi-layi kafin in zauna rubuto maka amsa. Ga wanda bai ga tambayar ba, ga ta a taƙaice. Kuna da ƙaramin kamfani a Utako, kun gina manhajar da ƙungiyoyin adashe da na gama-kai ke ajiye lissafinsu a ciki. Wata cibiyar kuɗi tana son ɗaukar manhajar, sai lauyoyinta suka ce ku kawo shafin da ke jera duk manhajojin kyauta da kuka gina taku a kansu, kowace da lasisinta. Kun haɗa shafin, ka saka shi a injin tantance HTML (harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi) na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ya zubo maka kurakurai sama da ɗari biyu. Tambayarka ita ce: tunda shafin yana buɗewa lafiya lau a Chrome, dole ne a gyara? In dole ne, ta ina za a faro?

Dole ne a gyara, amma ba jan rubutun da injin ya nuna maka ne dalili ba. Da shafin talla ne, da na ce ka gyara manyan kurakuran ka bar ƙananan sai ka samu sarari. Shafin lasisi daban yake. A nan, abin da burauza, wato manhajar buɗe shafi irin Chrome, take haɗiyewa idan an yi kuskure shi ne ainihin abin da masu manhajar suka sharɗanta maka ka nuna: sunansu, shekara, adireshinsu, da lafazin lasisin kamar yadda suka rubuta shi.

Sauka wajen laburare na uku a fayil ɗinka, wato ta uku cikin manhajojin kyautan da kuka jera. Na canza sunan, amma siffar layin ita ce wannan: Copyright (c) 2016 Wane Wane <wane@example.com>. Yanzu ɗauki wayarka ka buɗe shafin. Za ka ga shekara, za ka ga suna, adireshin imel ɗin kuwa babu shi, kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Dalili shi ne, duk inda burauza ta ci karo da alamar < kuma harafi ya biyo ta kai tsaye, ɗauka take yi an buɗe tag, wato umarnin HTML. Sai ta ƙirƙiri wani tag mai suna wane@example.com, ta ajiye shi a cikin ginin shafin, ta wuce ba tare da ta nuna komai ba. Kuma da yake babu inda aka rufe wannan tag ɗin, duk rubutun da ya biyo baya sai ya faɗa cikinsa. Shi ya sa kuskure guda yake haifar da uku ko huɗu a wajen injin tantancewa: ya ce ba a san wannan tag ba, ya ce ba a rufe shi ba, ya ce an rufe pre (tag ɗin da ke riƙe da rubutun) alhali akwai abin da ke buɗe a cikinsa. Kurakuranka ɗari biyun nan, da na tattara su, tushensu bai wuce shida ko bakwai ba.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne burauza ba ta taɓa cewa ba ta gane ba. Haka aka tsara ta da gangan. Ƙa'idar HTML5, wadda W3C ta tabbatar a watan Oktoba na 2014, kuma ƙungiyar WHATWG ke riƙe da ita yanzu bisa yarjejeniyar da ɓangarorin biyu suka yi a 2019, ta fayyace dalla-dalla abin da burauza za ta yi da kowane irin gurɓataccen rubutu. Ba za ta tsaya ba, za ta yi hasashe ne ta ci gaba. Saboda haka Chrome da Firefox da Safari duk za su haɗiye adireshin nan iri ɗaya, cikin natsuwa, shafin ya fito fes. Buɗewar shafi ba hujja ba ce cewa abin da ka zuba a ciki ya fito duka.

Ka duba inda kuka liƙa lasisin GPL na 3, wanda gidauniyar manhajojin kyauta ta FSF (Free Software Foundation) ta fitar ranar 29 ga Yuni 2007. Tun a layukan farko akwai adireshin gidauniyar a tsakanin < da >, ya ɓace. A ƙarshensa akwai sashen da ke koya wa mai sabuwar manhaja yadda zai ɗora mata lasisin, inda aka bar gurabe irin su <year> da <name of author> da <program>. Duk sun ɓace a shafinku, jimlolin suka zama guntaye marasa ma'ana. To a saman wannan lasisin an rubuta ƙarara cewa kowa na da izinin ya kwafe shi ya rarraba kalma da kalma, amma ba a yarda a canza shi ba. Kai ba ka yi niyyar canzawa ba, na sani. Sai dai mai karatu abin da ya gani a allo shi ne abin da kuka ba shi.

Bari in ɗan tsaya a kan dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan da nauyi, domin na lura matasanmu da yawa suna jin "manhajar kyauta" sai su ɗauka kayan tsintuwa ne. Ba haka ba ne. Mai ita yana nan, haƙƙin mallakarsa yana nan, izini ya ba ka bisa sharaɗi. Lasisin MIT, wanda jQuery da Bootstrap da React suke ƙarƙashinsa, sharaɗinsa ɗaya ne tak: sanarwar haƙƙin mallaka da rubutun izinin su kasance tare da duk kwafin manhajar. Na BSD ya ce in ka rarraba manhajar a haɗe, ba a matsayin asalin kod ba, to ka sake buga sanarwar a cikin takardun da ke raka ta. Apache 2.0 na shekarar 2004 ya ƙara da cewa in manhajar ta zo da fayil mai suna NOTICE, dole abin da ke cikinsa na yabawa ya bi ta duk inda ta je. Mutum ya kwana yana rubuta abu, ya ba ka ba ko sisi, abin da ya roƙa kawai kada a goge sunansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wannan askin ba mai wahala ba ne.

Ba maganar kunya kaɗai ba ce, akwai doka. A 2008 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Jacobsen da Katzer, kan wata manhajar sarrafa ƙananan jiragen ƙasa na wasa, cewa sharuɗɗan lasisin kyauta sharuɗɗa ne na gaske, wanda ya tsallake su ana iya binsa da dokar haƙƙin mallaka. Daga cikin abin da aka yi ƙorafi a kai har da cire sunayen marubuta da sanarwar haƙƙinsu. A nan gida, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu da take karewa, kuma Najeriya tana cikin yarjejeniyar Berne, wadda ta sa aikin marubucin Jamus ko Indiya yake da kariya a Abuja kamar na ɗan gida. Lauyoyin da suka nemi shafin nan sun san wannan, shi ya sa suka nema.

To yanzu gyara. Kada ka bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya kana taɓa fayil ɗin HTML da hannu. Na ga alamar wani ɗan rubutun kod ne yake tattaro fayilolin lasisi daga cikin node_modules, inda ake ajiye laburaren da kuka sauke, yana zuba su a shafin. In ka gyara shafin da hannu yau, ranar da aka ƙara laburare guda aka sake gudanar da wancan kod ɗin, duk wahalarka ta tafi. Wajen zubawar za ka gyara. Kafin kowane rubutun lasisi ya shiga shafin, a sauya alamomi uku: & ta koma &amp; sannan < ta koma &lt; sannan > ta koma &gt;. Wannan shi ne abin da muke kira eskef, wato ka ɓad da kamannin alamar yadda burauza za ta nuna ta a matsayin rubutu maimakon ta ɗauke ta umarni. Jerin yana da muhimmanci: & ake fara sauyawa. In ka fara da <, ta koma &lt;, sannan ka zo kan &, sai ka sake taɓa wadda ka riga ka gyara, mai karatu ya riƙa ganin &lt;year&gt; tsirara a allo. Na ga wannan a wuri biyu a fayil ɗinka, wajen lasisin da wani ya riga ya yi wa eskef da hannu kafin kod ɗin ya sake bi ta kansa. Sau ɗaya ake yi, a wuri ɗaya, a mataki na ƙarshe kafin rubutun ya shiga shafi.

Ba ma sai ka rubuta wannan da kanka ba. PHP na da htmlspecialchars, Python na da html.escape. In da JavaScript kuke cika shafin, ka zuba rubutun ta textContent, ka bar innerHTML. In React ne, rubutun da ka saka kai tsaye yana samun eskef da kansa, matsala tana zuwa ne idan wani ya kira dangerouslySetInnerHTML. Akwai riba ta biyu a nan wadda ta shafi tsaro. Fayil ɗin lasisi rubutu ne da baƙo ya rubuta, kuna ɗebo shi daga intanet kuna zubawa a shafinku. In babu eskef, duk wanda ya cusa tag ɗin script a cikin fayil ɗin lasisin laburarensa, kod ɗinsa zai gudana a cikin manhajar da ke riƙe da lissafin kuɗin mutane.

Alamar & tana da nata tarkon. Wasu tsofaffin sunaye irin su &copy da &reg burauza tana fassara su ko ba a rufe su da ; ba. Idan aka rubuta wani adireshi a fili cikin rubutu, mai ɗauke da &region=, mai karatu zai ga ®ion=, ya kwafi adireshin da ba ya zuwa ko'ina. Eskef ɗin da na faɗa yana magance wannan shi ma.

Sai mazaunin rubutun. Kowane lasisi ya shiga cikin tag ɗin pre, domin shi ne yake barin layuka da tazara yadda marubucin ya tsara su. Na san abin da ya sa kuka guje shi a wasu wurare: a waya layukan suna zarcewa gefe, sai mutum ya riƙa jan allo hagu da dama. Maganin wannan a CSS yake, white-space: pre-wrap tare da overflow-wrap: anywhere, sai layukan su naɗo su zauna cikin faɗin allon ƙaramar Tecno ko Itel ba tare da an rasa harafi ba. Ba zai yi kyan gani sosai ba, domin an rubuta waɗannan lasisin ne da faɗin allon tsofaffin kwamfutoci, amma zai fito cikakke, kuma cikar muke nema.

Ga wani kuskure da injin tantancewa ba zai taɓa nuna maka ba, kuma a wajena ya fi rabin waɗanda ya nuna muni. Wani a cikinku ya so ya ƙawata GPL, ya mayar da sassansa jerin lambobi da tag ɗin ol. HTML ɗin daidai yake, babu ja ko ɗaya. Amma sassan GPL daga 0 suke farawa: na 2, wanda ya fito a 1991, daga 0 zuwa 12, na 3 kuma daga 0 zuwa 17. Shi kuwa ol daga 1 yake ƙirga. Sakamakon haka kowane sashe a shafinku ya matsa da lamba ɗaya. Lasisin yana cewa a duba sashe na 7, lauya ya je na 7 a shafinku ya tarar da abin da yake na 6 ne a asali. Za a iya gyarawa da start="0", amma shawarata a cire ƙawar gaba ɗaya a mayar da rubutun cikin pre da lambobinsa na asali. Haka Markdown, wata hanyar rubutu da ake juyawa zuwa HTML, yake yi in aka bi da lasisi ta cikinsa: yana mayar da layukan da suka fara da lamba jeri, yana cinye taurari da ƙananan layukan ƙasa yana mayar da su rubutu mai kauri ko mai karkata.

Na kuma ga sawun Microsoft Word. A wajen mahaɗin da ke kai mutum inda zai sauke asalin kod, alamomin zance da ke kewaye da adireshin lanƙwasassu ne, ba miƙaƙƙu ba. Word ne yake yin haka da kansa, kamar yadda yake mayar da (c) zuwa ©. Burauza ba ta san lanƙwasassun a matsayin alamar buɗewa da rufewa ba, sai ta ɗauke su wani ɓangare na adireshin, ta nemi shafin a cikin sabarku, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinku, ta dawo da 404, saƙon da ke nufin ba a samu shafin ba. Wannan mahaɗin kuwa shi ne cika alkawarin da GPL ke nema na ba da asalin kod. Na san yadda aiki yake tafiya a ofisoshinmu: a rubuta a Word, a tura wa oga ta WhatsApp ya duba, a kwafo daga can a liƙa. Gabatarwar shafin ta bi wannan hanya in ana so, amma rubutun lasisi da adireshi kada su taɓa bi ta nan. Daga fayil ɗin asali zuwa shafi, ba zango.

Yanzu haruffa. Ka ce a wata tsohuwar kwamfuta ta ofis kana ganin Â© a maimakon ©, kuma gabatarwar da kuka rubuta da Hausa ta dagule. Fayil ɗin a tsarin UTF-8 aka adana shi, amma babu inda aka gaya wa burauza haka, sai ta karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252. A UTF-8, harafin ƙ bayit (ƙwayar bayanin kwamfuta) biyu ne, C6 da 99. Tsohon tsarin yana karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa, sai ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É da dogon layi a gabanta, kalmar "haƙƙi" ta zama abin da ba mai iya karantawa. Mu da muke rubutu da haruffa masu lanƙwasa mun saba da wannan ciwon, to ka tuna haka yake faruwa da sunan marubucin Poland ko Turkiyya ko Sweden da ke cikin jerinku. Sunan da aka dagula ba a nuna shi ba ke nan. Ka saka <meta charset="utf-8"> a farkon head, cikin bayit 1024 na farkon fayil, domin iyakar inda burauza ke leƙawa ke nan. Sannan ka duba abin da sabar take aikowa a Content-Type, saboda in sabar ta ambaci wani tsari daban, maganarta ce take rinjayar ta meta. Kuma layin farko na fayil ya zama <!DOCTYPE html>, wanda babu shi a naku.

Sauran ƙanana ne, zan bi su da sauri. Kun saka pre da ul a cikin p, alhali p yana rufe kansa da zarar ya ga ɗayansu, sai </p> ɗin da ke ƙasa ya zama maraya. A fitar da su waje. A cikin ul kun jefa div kai tsaye, li ne kaɗai mazauninsa. Sai id: kowane sashe kun ba shi id="license", sau arba'in da wani abu. Ba a maimaita id a shafi guda. Illarsa a fili take, duk sunan da mutum ya latsa a jerin sama, lasisin farko yake kai shi, sai a ga kamar laburaren da ke ƙarƙashin Apache yana ƙarƙashin MIT ne. A gina id ɗin daga sunan laburare da lambar fitowarsa, ba tazara a ciki.

Akwai abin da ya taɓa faruwa a gabana wanda ya sa ba na yarda da ido kaɗai a wannan aiki. Wani ofis ne a Garki, ana gobe za a miƙa takardu. Wajen ƙarfe tara na dare, janareta na ruri a bayan taga, wata matashiya mai ƙwazo da ke kula da shafin ta ce mini, "Malam, na ƙirga a takarda laburare sittin da ɗaya ne, amma a shafin talatin da huɗu nake gani." Muka ja kujera muka zauna gaban allonta. Ashe makonni kafin nan wani ya rufe wani sashe na ɗan lokaci da <!-- yana gwaji, da ya zo ƙarshen sashen sai ya rubuta -> da layi ɗaya maimakon -->. Burauza ta ɗauki duk abin da ya biyo baya, har ƙarshen fayil, a matsayin bayanin gefe da ba a nunawa. Shafin ya ƙare a kan wani lasisi cikakke, tsaf, babu alamar an yanke wani abu. Mutum huɗu sun duba shi a baya sun ce ya yi. Ita da ta ƙirga ce ta gano. Tun daga ranar, duk shafin lasisin da na sa hannu a kai, sai an rubuta adadin laburaren a samansa, kuma sai na'ura ta gwada wannan adadin da abin da ya fito a zahiri.

Game da fassara, tunda ka ambata kuna son masu adashe su fahimci abin da ke shafin: niyya ce mai kyau, ku rubuta gabatarwa da Hausa, ku bayyana a sauƙaƙe mene ne wannan jerin da dalilin ajiye shi. Amma lasisin kansa a bar shi da Turancinsa. FSF ba ta amince da wata fassarar GPL a matsayin mai ƙarfin doka ba, na Turancin ne kaɗai. A HTML, ka ba shafin lang="ha", kowane pre kuma ka ba shi lang="en" da translate="no". Na farkon yana taimakon manhajar da ke karanta wa makafi allo ta san da wane harshe za ta furta, na biyun yana gaya wa injinan fassara su bar wannan sashen yadda yake. In tsawon shafin ya dame ku, tag ɗin details da summary suna naɗe kowane lasisi sai an latsa, ba tare da JavaScript ba, kuma rubutun yana nan cikin shafin.

Bayan ka gyara, ka mayar da shi injin W3C har ja ya ƙare. Amma kada ka tsaya nan, domin ka ga misalin lambobin GPL da ya wuce ba a kama shi ba. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na kwatanci. Ka rubuta ɗan kod da zai buɗe shafin, ya ɗebo textContent na kowane pre, ya gwada shi da fayil ɗin lasisin asali harafi da harafi, bayan an daidaita ƙarshen layuka da tazarar farko da ta ƙarshe. In sun bambanta, ginin manhajar ya tsaya, kada ya wuce. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, kuma shi zai tsare ku shekara da shekaru, har bayan kai ka bar wurin. In kana son ganin yadda manya suke yi, rubuta chrome://credits a Chrome, ko about:license a Firefox, ka ga tsawon jerin da yadda aka bar kowane rubutu da siffarsa.

Shafi yana iya zama tsaf a HTML amma jerin bai cika ba. Naku ya lissafa abin da ke cikin package.json kaɗai, wato jerin laburaren da kuka ɗauko da kanku, alhali kowane laburare yana janyo wasu a bayansa, kuma duk wanda ya shiga cikin abin da kuke aika wa mai amfani ana lissafa shi. JavaScript ɗin da sabarku ke tura wa wayar mutum kwafi ne kuka ba shi. Kayan matse kod irin su Terser suna goge bayanan gefe, sai dai waɗanda suka fara da /*! ko suke ɗauke da @license, don haka ka duba ba a kashe wannan saitin ba. Ban ga salon haruffa da gumaka a jerin ba, alhali kuna amfani da Font Awesome na kyauta, wanda shi kaɗai lasisi uku gare shi: gumakan CC BY 4.0, haruffan SIL OFL 1.1, kod ɗin MIT. ScanCode ko FOSSology za su tona muku abin da ido ya tsallake. Wajen rubuta sunan lasisi kuma ku bi gajerun sunayen SPDX, tsarin da ya zama ƙa'idar ISO/IEC 5962 a 2021: MIT, Apache-2.0, BSD-3-Clause. Lauyan da ya san aikin yana ganinsu zai gane ba tare da tambaya ba.

Wannan ya kawo ni kan layin da ya fi tsaya mini a rai a duk fayil ɗin, kuma babu kuskuren HTML ko ɗaya a cikinsa. Laburaren da ke fitar muku da rahoto a PDF, a gabansa an rubuta "GPL" kawai, ba lamba. GPL-2.0-only daban, GPL-2.0-or-later daban, GPL-3.0 daban, AGPL kuma, wanda sharaɗinsa ke kama har wanda yake amfani da manhajar ta intanet ba tare da an ba shi kwafi ba, wata duniya ce. Ko a wajen saɓawa sun bambanta: a na 2 izini yana faɗuwa nan take, na 3 kuwa ya ba wanda aka fara sanar da shi kwana 30 ya gyara. Abin da ya fi wannan girma shi ne, in laburaren yana haɗe a cikin manhajar da za ku miƙa wa cibiyar kuɗin, GPL na neman a ba da asalin kod na abin da aka haɗa ɗin gaba ɗaya a ƙarƙashin lasisin guda, ko dai tare da manhajar, ko da rubutaccen alkawari mai aiki aƙalla shekara uku. Shafi komai kyansa ba ya sauke wannan nauyin. In kamfaninku bai shirya buɗe kod ɗinsa ba, mafita ita ce a musanya laburaren da wani mai lasisi irin MIT ko Apache, ko a sayi lasisin kasuwanci daga masu shi in suna sayarwa.

Gobe da safe, kafin ka taɓa ko tag ɗaya, ka shiga babban fayil ɗin wannan laburaren ka buɗe LICENSE ko COPYING ka karanta lambar da ke samansa, ka duba kan fayilolin kod ɗin ko an rubuta cewa ana iya bin fitowa ta gaba. Ka kai wa oganka abin da ka gani tun lauyoyin ba su tambaya ba. Sannan ka turo mini sunan laburaren da lambar fitowarsa da yadda kuke kiransa, shin a cikin manhajar wayar yake ko a sabar kaɗai yake gudana, in duba maka wanda zai maye gurbinsa ba tare da kun sake rubuta sashen rahoton daga tushe ba. Allah ya taimaka.